Cinikin Wuƙa Daga Nesa: Abin da Mai Saye Ke Nema a Shafin Maƙeri

Duk wanda aka miƙa wa wuƙa, hannunsa yakan gama bincike kafin bakinsa ya ce uffan. Zai jinjina ta ya ji nauyi. Zai damƙe ƙota ya ji ko ta zauna a tafinsa. Zai ɗaga ta sama ya bi ruwanta da ido ko akwai karkata, sannan ya goga babban yatsa a kaikaice kan kaifi. Cikin 'yan daƙiƙu ya san ko ransa ya kwanta da ita. Mai saye ta intanet an raba shi da wannan duka. Yana zaune a wani gari, wani lokaci a wata ƙasa, yana kallon hoto a waya, ana kuma so ya tura kuɗin da ya ninka na wuƙar kamfani sau da yawa ga mutumin da bai taɓa gani ba, kan abin da watakila ba a ma ƙera shi ba tukuna.

A nan batun shafin maƙeri ya sha bamban da na sauran 'yan kasuwa. Wuƙar kamfani iri ɗaya ce, dubbai ake bugawa, mutane da yawa sun saya sun faɗi ra'ayinsu, in ba ta yi maka ba ka mayar a canza maka. Wuƙar maƙeri kuwa guda ɗaya ce tak, mutum ɗaya ne ya yi ta, babu wanda ya gwada ta kafin kai. Don haka shafin nasa shi ne zai tsaya a madadin hannun mai saye, ya faɗa masa abin da yatsunsa za su faɗa masa da a ce yana tsaye a bakin maƙera. A ganina duk abin da masu saye suke nema daga nan ya samo tushe, kuma duk shafin da ya kasa, a nan ya kasa.

Farkon abin da ido ke faɗawa a kai hoto ne, kuma ɗaukar hoton wuƙa aiki ne mai wuya. Gogaggen ƙarfe madubi ne, yana kwaso hasken fitila, da inuwar mai ɗauka, da launin bango. Maƙera da yawa sukan ɗora wuƙar a kan fata ko itace mai duhu, su ƙawata wurin, su ɗauki hoto ɗaya mai ban sha'awa daga gefe. Hoton yakan yi kyau, amma bai amsa tambayar mai saye ba. Shi yana son ganin ɓangarorin biyu. Yana son a ɗauko ta daga sama, ya ga kaurin bayanta da yadda take sirancewa zuwa tsini. Yana son a matso kusa da mahaɗar ƙota da ƙarfe, domin a nan ake gane mai haƙuri da mai gaggawa: ko akwai 'yar kafa da ruwa zai shiga, ko gam ya tsattsafo an bar shi, ko ƙusoshin ƙota sun yi daidai da fuskar itacen. Sannan yana son hoto ɗaya da wuƙar take a hannun mutum, saboda wuƙa ita kaɗai a kan tebur ba ta da girma, mai tsawon taƙi da mai tsawon kamu duk ɗaya suke a fuskar waya. Ɗan gajeren bidiyo da ake juya ta a hasken rana ya fi hotuna goma da aka gyara a kwamfuta. Gyaran ma yana da iyaka. Idan aka ƙara wa itacen ƙota ja har ya zarce yadda yake, ranar da aka buɗe kwali ranar ɓacin rai ce.

Abin da hoto ya gaza, awo ne yake cike shi. Tsawon wuƙar gaba ɗaya, tsawon ruwanta, faɗinsa, kaurin baya, nauyi da giram, da wurin da take daidaita in an ɗora ta a yatsa. Waɗannan lambobi suna da ma'ana sosai ga wanda ya san aiki. Wuƙar girki mai tsawon milimita 210 da kaurin baya milimita 2 za ta ratsa abin yanka ba tare da tsaga shi ba. Mai kaurin milimita 5 kuwa ta daji ce, ta sara da faskare, in ka kai ta kicin za ta gajiyar da kai. Tun da masu saye a Amurka da inci suke awo, sauran duniya kuma da milimita, maƙerin da ya rubuta duka biyun ya hutar da mutane.

Sai maganar ƙarfe, inda nake so in ɗan daɗe, don a nan ne aka fi rikita masu saye. Rubuta "ƙarfe mai inganci" ko "ƙarfe marar tsatsa" bai gaya wa kowa komai ba. Kowane ƙarfe yana da suna da hali. Akwai dangin 1084 da 1095, waɗanda lambobinsu na ƙarshe suke nuna yawan kabon da ke ciki, wato kusan kashi 0.84 da 0.95 cikin ɗari. Suna ɗaukar kaifi da kyau, suna da sauƙin wasawa, amma suna tsatsa in an bar su da danshi, kuma launinsu yana dusashewa da amfani. Akwai 52100 da asalinsa na boris ne. Akwai waɗanda ba sa saurin tsatsa, masu ɗauke da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, irin su AEB-L da aka fara yi don reza, da 154CM wanda fitaccen maƙerin nan na Amurka Bob Loveless ya taimaka wajen yaɗa shi, da MagnaCut da masanin ƙarfe Larrin Thomas ya tsara, ya fito kasuwa a 2021. Mai saye yana son ganin sunan, yana kuma son jin dalili cikin layi biyu: me ya sa aka zaɓi wannan ƙarfe don wannan wuƙa, kuma me zai rasa a madadin abin da ya samu. Domin babu ƙarfen da ya haɗa komai. Wanda ya fi riƙe kaifi yakan fi wuyar wasawa, wanda ya fi tauri yakan fi gautsi.

Sunan ƙarfe ma rabin labari ne. Abin da yake mayar da sandar ƙarfe wuƙa shi ne horon da aka yi mata da wuta. Ɗauki 1084: ana gasa shi har wajen digiri 815 a ma'aunin Salshiyos, a tsoma shi cikin mai ya huce farat ɗaya. A wannan lokaci ya yi tauri ƙwarai, amma yana da gautsi kamar gilashi. Sai a sake mayar da shi wuta mai sauƙi, wajen digiri 200, na tsawon sa'o'i, don a rage gautsin. Ƙarafa marasa tsatsa kuwa sukan buƙaci zafin da ya haura digiri 1,000 da tanda mai auna zafi daidai, shi ya sa maƙera da yawa suke aika su ga ƙwararrun da wannan ne kaɗai aikinsu. Kuskure kaɗan a wannan mataki, ƙarfe mai tsada zai koma wuƙar da take dakushewa da wuri ko take ɓantarewa, kuma ido ba ya ganin wannan a hoto ko kaɗan. Abin da ake da shi na shaida shi ne ma'aunin taurin ƙarfe da ake kira Rockwell, inda ake danna tsinin lu'ulu'u a jikin ƙarfen da nauyin kilo 150 a auna zurfin da ya shiga. Wuƙaƙen girki na Jamus sukan tsaya tsakanin 56 da 58, na Japan kuwa daga 60 zuwa sama. Maƙerin da ya rubuta lambarsa, ya kuma faɗi ko aunawa ya yi ko ƙiyasi ne, ko shi ya yi horon ko aikawa ya yi, ya ba mai saye abin riƙewa. Ni dai in na ga shafi ya cika da yabon ƙarfe amma bai ce komai kan horon wuta ba, jikina yakan yi sanyi.

Wannan ya kai mu ga tambayar da masu saye da yawa suke jin nauyin yi: wane ɓangare na wuƙar ne aikin hannunka? Hanyoyi biyu ne manya. Akwai mai ƙira da wuta da masaba a kan uwar maƙera, akwai kuma mai yanko siffar daga farantin ƙarfe ya goge ta da inji har ta fito. Dukansu hanyoyi ne na gaskiya, kuma Loveless da ake girmamawa a duniyar wuƙa ta hanya ta biyu ya yi suna. Laifin yana wajen ɓoyewa. Wani yakan sayo ruwan wuƙa da aka riga aka gama, ya sa masa ƙota, ya buga tambarinsa, ya rubuta "aikin hannu". Wani kuma inji mai aiki da kwamfuta ne yake yanka masa komai. In an faɗa, babu wanda aka cuta, mai so ya saya. Matsalar ta fi tsanani a ƙarfen nan mai zane kamar igiyar ruwa da ake kira Damaskas. Na gaskiya ana yin sa ne da jera ƙarafa iri biyu, galibi 1084 da 15N20 mai ɗauke da nikel, a gasa su a buge su har su haɗe, a ninka, a sake ninkawa har yadudduka su kai ɗaruruwa, sannan a tsoma a asid zanen ya bayyana. Bill Moran ne ya farfaɗo da wannan fasaha a Amurka, ya nuna irin waɗannan wuƙaƙe a 1973. Yau kasuwa ta cika da masu araha da ba a san da wane ƙarfe aka yi su ba, har da waɗanda zanen a fuska kawai aka yi shi. Mai saye yana son ya ji ƙarafan da aka haɗa, da wanda ya haɗa su, ko maƙerin ne ko sayowa ya yi daga wani. Hotunan aiki tun yana ɗanye, daga sandar ƙarfe zuwa gamawa, sun fi kowace rantsuwa.

Game da shi kansa maƙerin, mutane suna son sani, amma ba tarihin rayuwa mai shafi uku ba. Sunansa na gaskiya, fuskarsa, ƙasar da yake, shekarar da ya fara, wurin wanda ya koya, da hoton tambarin da yake bugawa a wuƙaƙensa don a bambance su da jabu. Idan yana cikin ƙungiya ya faɗa. A Amurka akwai Knifemakers' Guild da aka kafa a 1970, da American Bladesmith Society da Moran da abokansa suka kafa a 1976. Wannan ta biyun tana da jarrabawar da ta shahara: wuƙar da maƙeri ya ƙera za ta datse igiya mai kaurin inci ɗaya da ke rataye da sara ɗaya, ta sare katako sau biyu, bayan haka ta iya aske gashin hannu, sannan a ɗaure ta a lanƙwasa har digiri 90 ba tare da ta karye ba. Wanda ya tsallake wannan yana da abin nunawa. Sai dai ba zan ce rashin ƙungiya aibu ne ba. Maƙera nagari da yawa a duniya ba su da takardar kowa, aikinsu ne yake magana, kuma irin waɗannan su ne suka fi buƙatar shafin da yake nuna aikin filla-filla.

Yanzu ga inda ra'ayi ya rabu, wato farashi. Maƙera da yawa ba sa rubuta shi, sai su ce a tuntuɓe su. Suna da hujja: kowace wuƙa daban take, kayan aiki suna hawa, kuma suna tsoron kada lamba ta kori mutum kafin ya fahimci abin da yake kallo. Na fahimci wannan, amma ina ganin asararsa ta fi ribarsa. Mutum yana da kunya. Wanda bai san ko abin ya fi ƙarfinsa ba, ba zai rubuto ya tambaya ba, don gudun ya ji farashi ya koma shiru. Sai ya rufe shafin ya tafi, maƙerin kuma ba zai taɓa sanin ya zo ba. Waɗanda suke rubutowa kuma, da yawansu farashin kawai suke son ji, sai maƙeri ya bar wuta tana ci yana amsa saƙonnin da ba za su zama ciniki ba. Ba dole ne a sa lamba ɗaya ƙeƙasasshiya ba. Ya isa a ce wannan samfuri daga kaza yake farawa, in da Damaskas a ƙara kaza, in da kube na fata a ƙara kaza. Haka nan barin farashi a jikin wuƙaƙen da aka riga aka sayar, tare da shekarar, yana ba sabon zuwa ma'auni. Masu tara wuƙaƙe don ajiya kam wannan rumbun tsofaffin ayyuka shi ne abin da suka fi daɗewa a kai, domin a nan suke ganin yadda hannun maƙeri ya nuna daga shekara zuwa shekara.

Abin da ya fi farashi haddasa rigima shi ne lokaci. Maƙeri mutum ɗaya ne, yana rashin lafiya, injinsa yana lalacewa, wuƙa tana iya tsagewa a wurin tsomawa bayan kwanaki ana aikinta, a koma farko. Masu saye sun san da haka, kuma suna da haƙurin jira fiye da yadda ake zato. Gidan Randall da ke Orlando a jihar Fulorida, wanda yake ƙera wuƙa tun ƙarshen shekarun 1930, jiransa shekaru ne, kuma mutane suna shiga layi da saninsu, saboda an gaya musu tun farko. Abin da ba a yafewa shi ne a ce wata uku, shekara ta zagayo, saƙo kuma ba amsa. Don haka shafi ya fito fili: ana karɓar oda yanzu ko littafi a rufe yake? Jira ya kai wata nawa? Nawa ne kafin alƙalami, kuma ana mayar da shi in mutum ya fasa ko in maƙeri ya saɓa lokaci? Farashin ranar oda za a biya ko na ranar gamawa? Wasu maƙera sun daina karɓar kuɗi sai wuƙa ta kammala, wasu sun daina karɓar oda ɗungurungum, suna ƙera abin da ransu ya so su sanar da ranar da za su fitar. Kowace hanya tana da kyau muddin an rubuta ta. Kuma a raba wuƙar da take hannu a shirye da wadda sai an ƙera. Babu abin da yake kashe gwiwa kamar ka zaɓi wuƙa, ka rubuto da zumuɗi, a ce maka ai an sayar da ita tun bara.

Akwai kuma doka, wadda mai saye sau da yawa bai san ta shafe shi ba sai kaya sun maƙale a kwastan. A Birtaniya haramun ne a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba mafi yawan nau'o'in wuƙa, kuma dokar 2019 ta ƙara tsaurara tantance shekaru a cinikin nesa. A can, wuƙar da mutum zai iya yawo da ita ba tare da wani dalili ba ita ce mai naɗewa, marar makulli, da ruwanta bai wuce inci 3 ba. A Jamus an hana yawo da wuƙa marar naɗewa da ta wuce santimita 12 sai da dalili karɓaɓɓe. Amurka tana da dokar tarayya ta 1958 kan cinikin wuƙa mai buɗewa da maɓalli tsakanin jihohi, kowace jiha kuma da nata ƙa'idojin. Ƙota ma tana iya jawo matsala: an hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989 a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar kare dabbobi da tsirran da ake gudun ƙarewarsu, a 2017 kuma aka shigar da dangin itacen Dalbergia cikin jerin da ake sa wa ido. Ba a ce maƙeri ya zama lauya ba. Amma ya rubuta ƙasashen da yake aikawa, da kamfanin da yake bi, da ko akwai inshora, da wanda zai biya kuɗin fito, ya kuma kira kayan ƙota da sunansu na ainihi.

Ciniki kuma ba ya ƙarewa ranar da kwali ya iso. Wanda ya sayi wuƙar 1095 karon farko zai ga ta fara sauya launi cikin mako guda, hankalinsa ya tashi, ya ɗauka an cuce shi. Da an rubuta masa cewa haka halinta yake, ya riƙa goge ta ta bushe, ya shafa ɗan mai, kada ya sa ta a injin wanke kwanuka, kada ya adana ta cikin kuben fata na dogon lokaci saboda fata tana riƙe danshi, da bai damu ba. Yana son sanin kusurwar da aka wasa ta, don ya bi sawu in ta dakushe. Yana son sanin ko zai iya mayar da ita a wasa masa, da abin da garanti ya ƙunsa. Magana a sarari ta fi alkawari mai faɗi: in ƙota ta saki ko ƙarfe ya tsage a aikin da aka yi wuƙar dominsa, gyara na maƙeri ne, in kuwa an ɓamɓare ƙofa da ita tsini ya karye, wannan na mai ita ne.

Ado da ƙawar shafin kansa, wanda shi ne maƙera suka fi kashe wa kuɗi da tunani, shi ne mafi ƙarancin abin da ake tambaya. Ya buɗe da sauri a waya, rubutu ya karantu, kada kiɗa ya tashi da kansa, a ga hanyar tuntuɓa ba tare da lalube ba, biyan kuɗi kuma ya bi hanyar da take kare mai saye in an sami saɓani. Wasu sun bar shafi gaba ɗaya sun koma Instagram da Facebook, kuma gaskiya nan ne mutane suke fara ganin aiki. Sai dai can gidan haya ne, ƙa'idojinsa kan abin da ya yi kama da makami suna iya taɓa maƙeri ba tare da ya yi laifin komai ba, sannan ba wurin da mutum zai nemo sharuɗɗan oda ba ne a tsakanin ɗaruruwan hotuna.

Akwai wani ɗan abu da mai saye yake dubawa ba tare da ya ma lura ba, wato kwanan wata. Shafin da sabon abu na ƙarshe a cikinsa ya shekara uku yana sa mutum tunanin ko maƙerin ya bar sana'ar, ko ma yana raye. Layi ɗaya a saman shafi, mai ɗauke da watan da ake ciki, da yake cewa ana aiki, jira wata takwas ne, ana amsa saƙo cikin kwana uku, ya wadatar. Daga nan mai saye zai rubuto, yawanci da 'yar tambaya ƙarama, kamar ko za a iya ƙara wa ƙota tsawo don hannunsa babba ne, sannan ya zauna yana duba waya ya ga ko kwana ukun nan gaskiya ne.